Mashin Mai Doguwar Sarƙa da Wakilin Ango

Abubuwa da yawa sun wuce ni na manta da su, amma Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanena Nura ba ta cikinsu. Ko na so in manta ma danginmu ba za su bari ba, domin har yau ba a yin taron suna ko na biki a gidanmu a watse ba tare da wani ya ɗauko zancen ba. Don haka gara in ba da labarin da bakina, tunda masu ba da shi sun fara ƙara masa gishirin da ba na ciki.

Ni malamin gona ne. A Daura nake zaune, amma aikina yana ƙauyukan da ke wajen Mai'adua da Sandamu, kuma a kan mashin nake yin sa. Duk wanda ya san waɗannan hanyoyi ya san babban abokin gabar mai mashin shi ne yashi. Kana cikin tafiyarka lafiya lau, sai ka ji tayar gaba ta fara rawa, ta baya ta nutse, sai ka sauka ka kama turawa. Na sha isa wurin manoma jiƙe sharkaf da gumi, ina haki, in tsaya in yi musu bayanin dabarun zamani, su kuwa suna kallon ƙafafuna da suka yi furu-furu. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Wata rana bayan la'asar ina kwance ina latse-latsen waya, sai na faɗa kan wani bidiyo. Wasu Turawa ne a kan duwatsun da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, suna hawan wani abu mai kama da mashin amma ba shi da taya. Gabansa wasu dogayen faifai ne guda biyu masu sulɓi, bayansa kuma wani faffaɗan bel mai ƙuraje irin na tankar yaƙi. Wani mai jan gemu a cikinsu ya tsaya yana bayani. Ya ce babbar shawarar da mai irin wannan abin hawa zai yanke ita ce tsawon bel ɗin. Dogo yana yawo a saman ƙanƙara mai laushi ba ya nutsewa, kuma yana hawan tudu, sai dai yana da taurin kai wajen juyawa. Gajere kuwa yana juyawa yadda kake so, amma yana saurin binne kansa. Daga nan ya shiga zancen canza haƙoran da ke juya bel ɗin domin inji ya ƙara ƙarfin ja, da rage duk wani nauyin da ba dole ba.

Na tashi zaune. Na sake kallo. Na nemo wasu irinsa na kalla har datar wayata ta ƙare, na sa wata. Cikin mako biyu na zama gwani a kan abin hawan da ban taɓa gani ba, a kan ƙanƙarar da ban taɓa takawa ba (iyakar sanina da ita shi ne wadda ke taruwa a firjin mai sayar da zoɓo). Kuma na gano wani abu da na yi mamakin yadda duk mutanen ƙasar Daura suka kasa ganowa: ƙanƙara laushi gare ta, yashi ma laushi gare shi. Ita tana nutsar da abin hawa, shi ma haka. Ashe bambancinsu kawai ita sanyi, shi zafi. To me zai hana in yi wa mashin ɗina abin da mai jan gemu ya yi wa nasa?

Na fara gwada tunanin a kan matata Binta tana tsinke zogale. Ta saurare ni har na gama, da zanen da na yi mata a bayan kwalin sabulu, sannan ta tambaye ni ko turawar da kowa ke yi ce ta fi ƙarfina. Na ce mata ba maganar ƙarfi ba ce, maganar ilimi ce. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da take yi wa yara idan sun ce za su kama tsuntsu da hannu.

Washegari na tafi wurin Malam Habu, bakaniken da ke duba mini mashin tun ina saurayi. Rumfarsa tana kusa da tasha, kuma mutum ne marar yawan magana. Na nuna masa bidiyon, na ce tunda ba mu da bel, za mu ja tayar baya ta koma can baya, mu sa doguwar sarƙa, mu sa taya mai faɗi mai manyan ƙuraje, sannan mu canza faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa a tayar baya, wanda suke kira sufuroket, mu sa babba.

Malam Habu ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa. Ya ce tayar babu laifi. Sufuroket ma in an ƙara shi kaɗan zai taimaka a yashi. Tsawo kuwa, in na matsa, zai ƙara mini kamar yatsa huɗu. Na yi dariya irin ta wanda ya san abin da wani bai sani ba. Na ce yatsa huɗu ai gajeren bel ke nan, na masu wasa a fili. Mai jan gemu ya ce wanda zai shiga wuri mai zurfi da kaya, mafi tsawo zai zaɓa. Kamu guda nake so, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kuma sufuroket mafi girma da ke kasuwa.

Ya ɗora hannunsa a bayan mashin ya auna kamun, ya dube ni.

"Malam, zai ja kamar bijimin sa," in ji shi. "Amma fa gudun bijimin sa zai yi."

Rabin farko na maganar kawai na ji. Aka kira mai walda na kusa da shi, aka yanke ƙarfen da ke riƙe da tayar baya aka yi masa ƙari. Aka haɗa sarƙa biyu ta zama ɗaya. Aka samo wani sufuroket mai faɗin faifan tuwo. Kariyar baya, inda fasinja ko kaya ke zama, ita ma aka ja ta baya ta bi tayar, har tsakanin mazaunina da ita aka sami filin da za a iya ajiye tulu. Domin rage nauyi na sa aka cire madubai biyun (ni da nake da tumbin da ya fi madubi ɗari nauyi). Na kuma sa aka huda salansa wai don inji ya sami numfashi. Da aka tayar da shi, awakin da ke kwance a gindin rumfa suka watse.

Gwajin da na yi masa ɗaya ne. Akwai wani tarin yashi da masu gini suka zube a lungunmu, na bi ta gefensa na wuce ban nutse ba. Ranar ban iya cin abinci sosai ba don murna. Ina ta lissafin yadda abokan aikina za su yi layi suna roƙon in nuna musu sirrin, har na fara tunanin sunan da za a sa wa irin wannan mashin idan ya bazu.

Ana cikin haka bikin Nura ya zo. Yarinyar da zai aura 'yar wani ƙauye ce can gaba da Mai'adua, kuma tsakanin titi da ƙauyen akwai wani busasshen rafi mai faɗi, yashi zalla. Mota ba ta ratsa shi, sai ta yi dogon zagaye. An sa ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya na safe. Tun rasuwar mahaifinmu, ƙanensa Baffa Sule ne uba a gare mu, shi ne kuma wakilin ango. Dattijo ne ɗan shekara saba'in da wani abu, siriri, mai tsafta da kamun kai, irin wanda ko dariya zai yi sai ya rufe baki da gefen riga. Matsalar ita ce a wannan safiyar ake sunan jikansa a Daura, ba zai iya bin motocin da za su tashi da sassafe su yi zagaye ba. Kuma dangin amarya mutane ne masu son a cika musu lokaci, tun wajen kai kayan sa rana sun nuna ba su ji daɗin jinkirin da aka yi musu ba.

Ana ta shawara a zauren Baffa, wasu na cewa a wakilta wani, Baffa na cewa shi ya yi wa yayansa alkawarin zai karɓa wa Nura aure da bakinsa. Sai na yi gyaran murya. Na ce motoci su tafi abinsu, ni zan kawo Baffa ta rafi, kuma ko saukowa ba zai yi ba. Na ce ma wataƙila mu riga su isa. Nura ya dube ni da idon roƙo, irin na wanda ya san yayansa, amma ƙane ba ya musa wa wa a gaban manya.

Ranar Asabar da ƙarfe tara da rabi Baffa ya fito cikin farar babbar riga da ta sha guga, da hula, da takalmi sau-ciki. Ya zagaya mashin sau ɗaya, ya ce bai san ana yin su da tsawo haka ba. Na ce masa ba a yi, ni na yi. Na ɗaura masa matashi a kan kariya, ya hau ya tattare riga, ya zauna can baya kamar wanda ke wata unguwa. Ba shi da abin riƙewa sai gefen kariyar, domin Baffa ba zai kama ƙugun ɗan da ya goya ba ko da hannunsa zai kai. Na kifa hular kwano muka kama hanya.

A kan kwalta ne rabin maganar Malam Habu da ban ji ba ta same ni. Na sa giya ɗaya, biyu, uku, huɗu, kafin mu wuce gidan mai na bakin gari giyoyin sun ƙare. Inji yana kururuwa kamar injin markaɗe, mashin kuwa yana tafiya kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Motocin haya suka wuce mu. Masu mashin suka wuce mu. Wani mutum da ya ɗauko tumaki biyu da buhun dusa a tsohon mashin ya wuce mu, har ya rage gudu ya tambaya da hannu ko lafiya. Da wani mai keke ya jera da mu na ɗan lokaci a wata gangara, na kau da kai na yi kamar ina duba gonaki. Sau ɗaya na tsaya don inji ya huce, a nan Baffa ya tambaye ni cikin natsuwa ko akwai sauran giyar da nake ajiye wa gaba. Na ce masa ya yi haƙuri, wannan mashin ba na kwalta ba ne, a rafi zai ga aiki.

Sha ɗaya saura kwata muka iso bakin rafin. Ga yashi fari fat ya miƙe, ga masu mashin huɗu ko biyar a ciki, kowa ya sauka yana turawa, wasu da alama ma ɗaurin auren za su. Zuciyata ta yi fari. Duk kunyar kan kwalta ta gushe. Baffa ya ce bari ya sauka ya taka da ƙafa kamar kowa, ai ba nisa.

"Baffa, saboda wannan wurin aka yi duk aikin nan," na ce. "Ka dai zauna da kyau."

Na gyara hular kwano. Na murɗa totur har ƙarshe yadda na ga mai jan gemu yana yi a gindin dutse, na saki kuloci gaba ɗaya. Mashin ya yi wata irin zabura da ban taɓa jin irinta ba, ya watsa yashi sama, ya faɗa cikin rafin.

Jama'a, ya yi aiki. Wannan ita ce gaskiyar da masu ba da labarin ba sa faɗa. Tayar ba ta nutse ba. Mashin ya bi saman yashi yana tafiya sumul, kuma nan take na ji ya yi wani irin sakayau, kamar an sauke masa rabin nauyinsa. Na ce a raina, ka ji aikin sufuroket. Na wuce masu turawa ɗaya bayan ɗaya. Suka saki mashinansu suna ɗaga hannu suna ihu, suna nuna bayana. Na ɗauka doguwar sarƙar suke nunawa, na ɗaga musu hannu ɗaya irin na ɗan takara, har da ɗan hon. Da ƙarar salansa da hular kwano, ko ganga ake bugawa ba zan ji ba.

Na haye gangaren da ke ɗaya gefen ba tare da na sa ƙafa a ƙasa ba. Daga nan zuwa cikin gari tafiyar minti biyar ce, kuma duk tsawonta bayani nake yi wa Baffa da ƙarfi. Na gaya masa bambancin dogon bel da gajere. Na gaya masa yadda ƙanƙara da yashi suke 'yan uwan juna. Na ce masa Malam Habu mutumin kirki ne amma bai waye ba. Da na ji shiru, na ce lalle mamaki ya hana dattijo magana.

Taron yana ƙofar masallaci, a inuwar wasu manyan darbejiya. An shimfiɗa tabarmi, liman yana zaune a tsakiya, dangin amarya a gefe ɗaya suna duba agogo, namu a ɗaya gefen suna duba hanya. Ƙarar mashin ta sa kowa ya waiwayo. Na shigo har gaban tabarmi, na kashe inji, na cire hular kwano, na ɗaga murya yadda na bayan taro ma zai ji.

"Salamu alaikum. Ga wakilin ango na kawo, ko ƙafarsa ba ta taɓa yashi ba. Baffa, sauka a hankali."

Aka amsa sallamar. Na ga mutane suna leƙa bayana, suna duban juna. Nura ya taso cikin shaddarsa ta angwanci, fuskarsa ta canza.

"Yaya, ina Baffan?"

Na waiwaya. Ga kariya, ga matashi a ɗaure yadda na ɗaure shi. A kan ƙarfen ajiye ƙafa na dama kuma ga takalmin Baffa ƙafa ɗaya, a maƙale.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallon takalmin nan ba. Na ma leƙa ƙarƙashin mashin, wallahi na leƙa, kamar dattijo ɗan shekara saba'in zai ɓuya a bayan sarƙa. Sai a lokacin na gane sakayau ɗin da na ji, da ihun masu turawa, da shirun da na ɗauka mamaki ne. In wani abu ya sami Baffa, da wane ido zan dubi danginmu? Na haye mashin don in koma, sai ga ɗaya gargaɗin na mai jan gemu, wanda shi ma na tsallake: dogo ba ya juyawa. Na karya kan mashin na tura gaba, tayar gaba ta hau tabarmar dangin amarya. Na ja baya, ta baya ta ture butocin alwala. Sai da mutum huɗu, har da wani ƙanen uban amarya, suka ɗaga bayan mashin suka juya shi da hannu ina zaune a kai, ina ta cewa sannunku, sannunku.

Ban kai ga tayar da shi ba sai ga amalanke ta ɓullo daga hanyar rafi, shanu biyu suna ja a hankali. A samanta, kan buhunan albasa, Baffa Sule ne zaune ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, hularsa a hannu, farar rigar nan ta koma ruwan ƙasa, gemunsa cike da yashi. Masu mashin ɗin da na ɗaga wa hannu suna biye da shi kamar 'yan rakiya. Daga baya suka ba da labari cewa tun zaburar farko ya sulluɓe ta baya ya zauna daɓas a yashi, tayar mai ƙuraje kuma ta bi shi da feshi. Allah ya taimaka wurin da laushi, ko ƙwarzane bai yi ba.

Na ruga na durƙusa a gefen amalanke riƙe da takalmin da hannu biyu. Ya karɓa ya sa, bai dube ni ba. Aka kawo masa ruwa ya wanke fuska, aka kakkaɓe masa riga, ya je ya zauna gaban liman da natsuwarsa kamar daga jirgi ya sauko. Dangin amarya fuska a ɗaure, lokaci ya wuce da kusan rabin awa. Wakilin amarya, wani dattijo mai kaurin murya, ya nuna ni da haɓa ya tambayi Baffa ko wannan ɗan acaɓar da aka ɗauko masa ne.

"A'a, ɗan yayana ne," in ji Baffa. "Malamin gona ne. Yau ni ya shuka."

Liman ne ya fara dariya, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Daga nan taron ya ɓarke. Wakilin amarya ya yi dariya har yana share hawaye da hannun riga, fushin jinkirin ya bi iska. Aka ɗaura aure cikin raha, aka raba goro da alewa, ni kuwa ina can bayan wata darbejiya ina addu'ar ƙasa ta tsage. Duk wanda ya zo yi wa Nura murna sai ya zarce wurina ya yi mini barka da shuka, wani ma ya tambaya ko irin na bana ne.

Baffa a mota ya koma, ta hanyar zagaye. Ni na komo ni kaɗai, inji na kururuwa, masu keke na wuce ni. Kafin in iso gida labarin ya riga ni ta waya. Na tarar da Binta a tsakar gida ta kifa kai a kan turmi tana dariya, ta kasa ko yi mini sannu da zuwa. Da ƙarfin hali na je gidan Baffa bayan la'asar na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, ya kuma ce bayanin da aka ce na yi masa a hanya, in na sami lokaci in maimaita, domin bai samu ji ba.

Ranar Litinin na mayar da mashin rumfar Malam Habu. Bai tambaye ni komai ba, ya dai kira mai walda. Da aka zo kan tsawo ya ɗaga yatsu huɗu yana kallona, na gyaɗa kai. Haka yake har yau, kuma yana ratsa yashi daidai gwargwado, in ya ƙi kuma in sauka in tura kamar kowa.

Abin da na koya bai da yawa, amma na riƙe shi da kyau. Duk ranar da kake cikin wani aiki ka ji kaya sun yi maka sauƙi farat ɗaya, mutane kuma suna ɗaga maka hannu, kada ka yi saurin cewa dabararka ce ta ci. Tsaya ka waiwaya tukuna. Mai yiwuwa baffanka ne ka yar.